Mas'alar Birkin Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya saba ratsa birnin Zazzau, ya shiga ta Ƙofar Doka ya fita ta Ƙofar Galadima, ko ya bi lungunan da ke tsakaninsu, matuƙar yana da idon lura, ba zai rasa cin karo da tsohuwar mota ba, wata a gindin katanga an lulluɓe ta da tamfol, wata a rumfar ƙofar gida awaki na kwana a ƙarƙashinta, wata kuwa har yau tana kan ƙafafunta tana jigilar buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa. Galibinsu Fijo ne, 404 da 504, sai jefi-jefi a ga Boswaja ko Landiroba ko Marsandin da; kuma da wuya ka tambayi asalin ɗaya daga cikinsu ba a ba ka tarihin gida sukutum ba, a ce marigayi ya saye ta da kuɗin Udoji, da ita aka kai shi filin jirgin Kano shekarar da ya sauke farali, da ita kuma aka kai 'yan matan gidan ɗakunan mazajensu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da farashin mota ya fi ƙarfin mai albashi, magada da dama sun waiwayi waɗannan motoci suna neman tayar da su, abin da a ganina ya cancanci yabo; sai dai tsarin da suke bi wajen tayarwar shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko a kira mai gyaran inji, a sa batir, a wanke kafireto, in ta yi tari ta tashi a yi ta murna. Daga nan a kai ta wurin mai fenti, sai mai ɗinkin kujeru, sai mai rediyo. Sa'an nan, bayan aljihu ya riga ya bushe, a tuna da birki, a aiki yaro ya sayo gwangwanin mai a ƙara. Alhali kuwa da an dubi al'amarin da idon insafi, da an ga cewa motar da ta ƙi tashi ba ta cuci kowa ba face mai ita, shi ma iyakarta ta makarar da shi, amma motar da ta ƙi tsayawa, a birnin da hanyoyinsa tun kafin zuwan mota aka shata su, suna cike da almajirai da 'yan talla da babura da tsofaffi masu dogara sanda, cutarta a kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, kuma in an ninka gudun sau biyu, nisan da take bukata kafin ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu.

To, bari mu ƙaddara mas'ala, kamar yadda malaman furu'a kan ƙaddara ta tun kafin ta auku. Wani magidanci a Ƙofar Galadima ya gaji Fijo 504 mai dogon baya, irin wadda aka harhaɗa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, ta yi shekaru a ajiye tun rasuwar mahaifinsa. Inji ya tashi lafiya lau, amma da ya taka birki sai ƙafarsa ta zarce har ƙasa ba abin da ya tare ta, da aka leƙa kuma sai aka ga tayar baya ta jiƙe da mai daga ciki. Ya nemi shawara, aka ba shi biyu masu karo da juna. Abokinsa ɗan zamani ya ce kada ya ɓata lokaci, ya jefar da silindojin duka ya sayo sababbi, tun da kaya ba su yanke a Sabon Gari ba. Wani dattijo kuwa, tsohon direba, ya ce masa kul, waɗannan da ke jikinta su ne na asali, da tsohuwar zuma ake magani, ya sayi roba kawai a sake, ya bar ƙarfen mahaifinsa inda ya tarar da shi. Kowane ɗayansu yana da hujja, kuma kowane ɗayansu ya yanke hukunci tun bai ji ta bakin shaida ba. Shaidar kuwa a wannan shari'a guda ɗaya ce tak, ita ce cikin silindar, wadda har lokacin da suke ta jayayya ba wanda ya kwance ta ya duba.

Kafin a gane dalilin wannan magana, wajibi ne a san yadda abin yake aiki, ko da a taƙaice. Wanda ya taɓa kallon malamin asibiti yana tura allura ya riga ya ga rabin ilmin: bututu ne mai santsin ciki, da abin turawa mai roba a baki, wadda ta kama bangon bututun kam har ruwa ba ya samun hanyar komawa baya. Babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta, tana gaban direba daura da matakin birki. In ya taka, fistin ɗinta ya tura mai cikin siraran bututan ƙarfe zuwa ƙafafu huɗu, a can kuma ƙananan silindoji su karɓi turin, su buɗe takalman birki su manna su ga duram, ko su matse faifai in ƙafar mai faifai ce, kamar ƙafafun gaba na 504. Asirin dai shi ne ruwa ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna masa a wannan baki sai ya isar da shi wancan baki, ƙa'idar da Pascal Bafaranshe ya bayyana tun ƙarni na 17, ko da yake ba ta zama ruwan dare a motoci ba sai bayan da Malcolm Loughead ya yi rajistar dabararsa a Amurka a 1917, kamfanin Duesenberg ya fito da ita a 1921, Chrysler a 1924, Ford kuwa ya yi ta jan ƙafa da birkin sanda da na waya har 1939. Watau nauyin mota, da na mutanen da ke cikinta, da ran wanda ke tsallake titi a gabanta, duk sun rataya ne a kan leɓen wata 'yar roba wadda faɗinta bai kai na kwabo ba, da kuma santsin bangon da take gogawa.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai tsohuwar mota ya sani tun kafin ya fita da ita titi. Motocin zamanin da, layin mai guda ɗaya gare su daga masta zuwa ƙafafu huɗu, saboda haka in roba ta fashe a ƙafa ɗaya, birkin dukan motar ya tafi a taki ɗaya, ba abin da ya rage sai hambirki da salati. Wannan hatsari ne ya sa Amurka ta wajabta layi biyu a kan sababbin motoci daga 1968, ta yadda in ɗaya ya yi yoyo ɗayan ya riƙe. Tsofaffin 404 da Boswaja da Landiroba na shekarun 1960, mafi yawansu masu layi ɗaya ne, kuma a irinsu babu wani abu da za a kira ɗan yoyo a kau da kai.

Me ke kashe silinda? Mutane da yawa suna zaton yawan aiki ne, amma haƙiƙa zama ya fi aiki kashe ta. Man birki irin wanda aka rubuta DOT 3 ko DOT 4 a gwangwaninsa yana da wata ɗabi'a, ita ce shan danshi daga iska, ta murfin tulunsa da ta jikin bututan roba, sannu a hankali ba tare da ido ya gani ba. Ƙa'idar da aka gindaya wa masu yin sa ita ce kada sabon DOT 3 ya tafasa kafin zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma in ruwa ya shige su kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, haddin ya sauko 140 da 155, zafin da birki kan iya kaiwa in an daɗe ana taka shi a gangare da kaya, kuma da zarar man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai direba ya taka ya ji wayam. Illa ta farko ke nan. Ta biyu ta fi shafar motar da aka ajiye, domin ruwan nan yana cin bangon silinda, musamman ta ƙasa da kuma inda roba ta tsaya shekara da shekaru ba ta motsa ba, ya bar masa ƙananan ramuka. Yanayinmu na Zazzau kuwa taron dangi yake yi wa abin: damina mai ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 ta kawo danshi, zafin bazara ya busar da hular robar da ke rufe bakin silinda ta tsattsage, hunturu ya cusa ƙura ta tsagar. Shi ya sa masu ƙera motoci galibi suka ce a zubar da man a sake sabo duk shekara biyu; mu kuwa ƙari muka sani, ba sakewa ba, har a kan sami motar da man da ke cikinta ya girmi yaron da aka aika ya sayo na ƙarin, ya yi baƙi ƙirin.

Idan aka kwance silinda, aka fitar da fistin, aka wanke cikin da sifirit ko da man birkin kansa, ba da fetur ko kananzir ba kamar yadda hannu ya saba a gareji, domin su kumbura roba suke yi, sa'an nan aka ɗaga ta ga hasken rana, a nan ne shaida za ta yi magana. Wani lokaci a tarar da bango lafiya lau, iyakarsa dauɗa da ɗan dusashewa. Wannan a goge shi sama-sama da dutsen goge silinda, a sa sabuwar roba, kuma jefar da irin wannan ƙarfe almubazzaranci ne wanda ba shi da uzuri, a nan dattijon direba ya yi gaskiya. Wani lokaci kuwa a tarar da ramuka, ko zane mai zurfi wanda farce ke maƙalewa a ciki in an ja shi, a nan kuma gardama ta ƙare, gama roba komai sabuntarta ba ta cike rami, sai dai bakin ramin ya riƙa yankar leɓenta kullum aka taka, ta riƙe mako biyu ko wata guda, mai mota ya saki jiki ya ce gyara ya yi, sa'an nan ta saki ba tare da ta sanar da shi ranar ba. Wanda ya ce zai naɗa sanfefa a yatsa ya yi ta gurza har ramin ya ɓace, ya kau da aibi ɗaya ne ya shigo da wani, domin cikin ya ƙara faɗi, fistin ya yi sako-sako, roba ta rasa abin da za ta jingina da shi. Littattafan gyara sun iyakance tazarar da ke tsakanin fistin da bango ga abin da bai wuce kimanin milimita 0.15 ba, watau kaurin silin gashi biyu, kuma wannan ba abin da ido ke aunawa ba ne, komai gwanintar mai idon, sai da fila-geji, abin awon da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Silindar alminiyam kuwa hukuncinta dabam ne: galibi wata siririyar fata mai tauri ce ke kare cikinta, in aka gurje ta an kashe silindar, saboda haka ko dai a tarar da ita lafiya a sa roba, ko a sake ta.

Sai dai kada ɗan zamani ya yi saurin murna, domin sabon kaya ma ba ma'asumi ba ne. Fijo ta zama motar Arewa ne bisa dalilai sanannu: masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, a farkon lamari har ta jirgin sama ake ɗauko sassansu daga Liyon zuwa Kano, gwamnati ta mai da ita motar hukuma, kuma 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, an ci gaba da yin ta a nan har wajen 2006, shekara ashirin da wani abu bayan Faransawa sun daina yin salun ɗinta a gida. Albarkar wannan doguwar rayuwa ita ce kayanta ba su yanke ba, daga Sabon Garin Zariya har Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Musibarta kuwa ita ce kasuwa mai faɗi haka ba ta rasa masu algushu, har ya zamana mai shago da kansa zai jera maka kwali uku masu kama ɗaya, ya ce wannan orijina, wannan mai bi masa, wannan kuwa sai dai a lallaɓa. Akwai silindar da take sabuwa fil amma zubin ƙarfenta mai ƙuraje ne. Akwai robar da ta yi shekaru a kan kanta tana shan zafin kwano har ta bushe. Akwai kuma kayan gwanjo da aka kwance daga wata motar da ta mutu, aka wanke aka shafa mai, alhali cutar da ke cikinsu ita ce dai cutar da mai saye yake gudu. Ko da kayan na kirki ne, saura batun awo. Masu ƙera birki irin su Bendix da Girling sun yi silindoji masu faɗin ciki dabam-dabam, kuma tsakanin mai milimita 19 da mai 22, ko da yake a ido kusan ɗaya suke, bambancin ƙarfin turi ya haura sulusi. In aka sa wannan a dama waccan a hagu, ranar da aka taka birki da gaggawa motar fizgewa za ta yi gefe guda. Saboda haka sabuwar silinda ma a je da tsohuwar a gwada su, a ɗaga hular a gaban mai shago a leƙa. Mai shagon da ya ƙi yarda a leƙa ya riga ya ba da amsa.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Abin da aka yi wa ƙafar dama a yi wa ta hagu. Takalmin birkin da mai ya jiƙa ba ya wankuwa, a sake shi. Bututan roba masu lanƙwasa da ke bayan taya sukan kumbura ta ciki alhali wajensu sumul, in sun yi zamani da motar a sallame su. Masta kuma tana da nata gwajin: a ɗora ƙafa a kan birki a riƙe, in matakin yana nutsewa a hankali kuma ba a ga yoyo ko'ina ba, robar cikinta ce ke barin mai ya sulale ta bayanta. A nan akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba, shi ne lokacin cire iska, sa'ad da maigidan gareji ke ƙarƙashin mota yana kiran "famfa, famfa, riƙe!" yaro kuma yana dannawa har ƙasa da iyakar ƙarfinsa, fistin ɗin tsohuwar masta sai ya shiga wurin da bai taɓa zuwa ba tun da aka ƙera motar, inda tsatsa ta taru, robar ta yage a wurin, mastar da ta zo da ranta ta koma gida matacciya. Ƙurar da ke cikin duram kuwa kada yara su hura ta da baki, gama tsofaffin takalman birki da asbesto aka yi su, shi kuwa huhu yake lalatawa bayan shekaru.

To, in abin a fili yake haka, me ya hana a yi? A nan ne nake ganin mun saba ɗora wa makanike laifin da rabinsa namu ne. A al'adar cinikinmu ba a biyan ladan dubawa, ana biyan ladan abin da aka ga an ɗaura ne kawai. Saboda haka makaniken da ya ɓata rabin yini yana kwance ƙafafu huɗu, ya wanke, ya auna, sa'an nan ya ce biyu lafiyarsu ƙalau biyu sai an sake, a idon mai mota bai tsinana komai ba face neman hanyar cin kuɗi, wanda kuwa ya cusa roba cikin minti ashirin ya share hannu, shi ne gwani mai saurin aiki wanda za a riƙa tura wa abokai. Kowa ya san yadda zancen kan gudana. Makanike ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan sai mun buɗe mun gani." Mai mota ya ce, "Haba Injiniya, kai dai ɗan lallaɓa mini ita, gobe ina da ɗaurin aure a Kano, in na dawo a yi babban aikin." Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafewa, kuma babban aikin nan da wuya ranarsa ta zo. Makanike mai iyali, wanda ya san in ya ƙi akwai wani a inuwar gaba da zai karɓa, sai ya lallaɓa.

Daga wannan lallaɓawa ne bid'o'in da kowa ya sani suka samo asali: a toshe bututun ƙafar da ke yoyo da ƙusa, ko a lanƙwasa shi a daka da guduma, mota ta tafi da birki uku, a naɗa zare ko leda a ƙarƙashin roba don ta kumburo, in man birki ya ƙare a zuba ruwan sabulu, wanda ke tafasa a digiri 100 yana kuma cin ƙarfe, ko a zuba man inji, wanda ke kumbura kowace roba da ke cikin layin daga masta har ƙafar ƙarshe. Ba na musun larura. Direban da birkinsa ya tsiyaye da tsakar dare a dokar daji, ya toshe ƙafa ɗaya don ya rarrafa zuwa gari mafi kusa, ba mai hankalin da zai zarge shi. Amma malamai sun koya mana cewa larura gwargwadonta ake auna ta, ƙusar da aka sa don tafiyar kilomita goma kuwa ta kan shekara a wurin, har a sayar da motar da ita ba a faɗa wa mai saye ba.

Garin da ya yi suna da karatun zaure kamar Zariya bai kamata ya bukaci baƙo ya tuna masa hukuncin wannan ba. Duk ɗalibin da ya ratsa Risala ta Ibn Abi Zaid a Unguwar Juma ko a Kona ya wuce ta kan babin da ya ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu suka keɓanta da su, ya kuma san cewa ɓoye aibi a ciniki haramun ne, mai saye yana da ikon mayarwa. Idan haka shari'a ta tsananta a kan tufar da aka kai wa marini, wadda in ta salwanta kuɗi ne kawai suka tafi, ina ga abin da rayuka suka rataya a kansa? Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa sun faɗi gaskiya, amma sun yi shiru a kan sauran gaskiyar, domin imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa hisabin sakaci ba. Kisan kuskure tsantsa, wanda mai yin sa bai nufa ba bai kuma hango ba, shari'a ta ɗora masa diyya da kaffara, balle wanda aka nuna wa mai a jikin taya da safe ya ce a bari sai ya dawo. Hukuma kuwa iyakarta a nan kaɗan ce. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da masu duba lafiyar motoci, suna iya ganin takardu da taya da fitila a bakin titi, amma ba za su kwance duram a tsakiyar hanya ba. Muhtasibin da ke iya shiga cikin silinda mutum biyu ne kawai, mai mota da makanikensa.

Na san za a ce mai wannan rubutu yana magana kamar bai san halin da ake ciki ba, ana fama da kuɗin cefane shi yana zancen fila-geji. Amsata ita ce ban nemi kowa ya ƙara ko kwabo a kan abin da ya yi niyyar kashewa ba, jerin kawai na nemi a juya. Cikin dukan ayyukan tayar da tsohuwar Fijo, birki yana daga cikin mafi araha, bai kama ƙafar fenti ba, kuma mota mai kodaɗɗen launi da yagaggiyar kujera tana kai mutum Kaduna ta dawo da shi. Wanda kuwa da gaske ba shi da halin gyaran birki yanzu, to motar ta yi haƙurin shekaru a ƙarƙashin tamfol, ƙarin wata uku ba zai kashe ta ba. Abin da nake roƙon mai mota shi ne ya yanka wa makanike ladan dubawa tun kafin a ɗaga jak, ko an sami aibi ko ba a samu ba, ya tsaya a nuna masa cikin silinda da idonsa, ya sa farcensa ya ji, ya kuma rubuta watan da aka sake mai a wani wuri da ba zai ɓata ba. Ƙungiyar makanikai ta NATA, wadda ke da rassa a garuruwanmu, za ta iya sauƙaƙa wannan in ta tsayar da ladan dubawa sananne, don kada mai gaskiya ya zama shi kaɗai ke da tsada.

Saura wata hanya ta uku, wadda ɗan zamani da dattijo duka ba su ambata ba, kuma ita na fi so a kula da ita. A Ingila da Amurka da Ostireliya, inda masu sha'awar tsofaffin motoci suke da yawa, in silinda ta yi ramuka kuma ba a samun irinta, sai a ɗora ta a injin sassaƙar ƙarfe a ƙara faɗin cikinta, a cusa siririn bututu na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ya zauna daram, a huda ƙofofin mai daidai inda suke, a goge cikin ya koma awonsa na asali. Silindar da aka yi wa haka ta fi yadda ta fito daga masana'anta jure danshi, kuma robar da aka saba da ita ce dai za ta shiga. Magajin 504 na Ƙofar Galadima ba lalle ya bukaci wannan ba, tun da kayansa suna kasuwa in ya iya zaɓe. Amma mai Fijo 403, da mai tsohuwar Marsandi ko Opel, wanda ya zagaya Kano da Kaduna ya dawo hannu rabbana, ba shi da wata mafita ta halal face ita. Aikin kuma bai fi ƙarfinmu ba, gama masu cusa wa bulok ɗin inji sabon bututu irin wannan aikin suke yi kullum a kan ƙarfen da ya fi girma. Bambancin dai shi ne a nan kintace ba ya aiki, domin bututun da bai zauna sosai ba zamewa zai yi, in kuma aka toshe 'yar ƙaramar ƙofar da mai ke komawa tulu ta cikinta, birki ya riƙa kamawa da kansa da zarar ya ɗauki zafi. Zariya tana da sashen injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, tana da Cibiyar Fasahar Sufuri da aka kafa a 1986 a hanyar Basawa. Da ɗaya daga cikinsu zai buɗe ɗan gajeren kwas ga masu injin sassaƙa na Sabon Gari da Tudun Wada, ya kuma ajiye famfon gwajin matsi guda ɗaya inda kowa zai kawo silindar da ya gyara a danna ta a gani kafin a ɗaura ta a mota, da masu irin waɗannan motoci daga Funtuwa da Katsina har Maraɗi nan za su riƙa aiko da nasu.